Sanyin Ƙashi: Suna Ɗaya, Cuta Iri-Iri

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda da wuya a sami gidan da bai shiga ba. Ku duba bencin baya na majami'arku ran Lahadi. Akwai wata mama a wurin wadda dā ita ce take fara isowa, ita ce kuma take ɗaga waƙa a zumuntar mata. Yanzu kuwa sai an yi nisa da sujada take shigowa, tana dafa bango. In an ce a miƙe tsaye, sai ta kama kafaɗar jikarta. In an ce a durƙusa, sai ta sunkuyar da kai kawai daga inda take zaune. Idan ka tambaye ta, "Mama, yaya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, ɗana, sanyin ƙashi ne kawai."

Wannan magana tata, "sanyin ƙashi ne kawai," ita ce muke so mu duba. Gama suna ɗaya muke ba kowane ciwon gaɓa, ko mu ce sanyin ƙashi, ko mu ce amosanin gaɓɓai, amma a ƙarƙashin sunan nan akwai cututtuka dabam dabam. Wata takan ci mutum a hankali cikin shekara ashirin. Wata takan lalata gwiwar yaro cikin mako guda. Maganin wannan ba ya yi wa waccan aiki, har ma yakan yi ɓarna.

Bari mu fara da gaɓar kanta. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa, kuma duk inda ƙashi biyu suka haɗu suna motsi, nan ce gaɓa. Duk wanda ya taɓa cin ƙafar kaza ko ta rago ya ga wani farin abu mai santsi a kan ƙarshen ƙashin, wanda yara suke son gurgura. Shi ne guringuntsi. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma shi ne yake hana ƙashi ya gogi ƙashi. An rufe gaɓar da wata 'yar jaka, a cikinta kuma akwai ruwa kaɗan mai yauƙi kamar farin ƙwai, wanda yake yi mata aikin da mai yake yi wa sarƙar keke. Abin mamaki game da guringuntsi shi ne, jijiyar jini ba ta shiga cikinsa. To, ina yake samun abinci? Daga ruwan nan mai yauƙi. Sa'ad da mutum ya taka ƙafa, guringuntsin yakan matse kamar soso, sa'ad da ya ɗaga ƙafar kuma sai ya tsotsi ruwa sabo. Wato motsi shi ne cin abincinsa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ciwon da ya fi yawa, wanda kuma mai yiwuwa shi ne yake damun mamar da muka ambata, shi ne na zaizayewar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne suke fama da shi a duniya, kashi 60 cikin ɗari mata ne, wajen kashi 73 cikin ɗari kuma sun haura shekara 55. Gwiwa ce ya fi kamawa, sa'an nan ƙugu da yatsun hannu da ƙashin baya. Guringuntsin yakan yi laushi, ya tsattsage, ya sirance, ƙashin da yake ƙarƙashinsa ya yi tauri ya fitar da 'yan ƙahoni a gefe. Shekaru suna da hannu a ciki, haka ma gado, da ƙiba, da tsohon rauni kamar targaɗe ko karayar da ba ta ɗoru daidai ba. Aikin wahala ma yana da nasa rabo. Matar da ta yi shekara arba'in tana ɗaukar tulu da itace a ka, tana wanki da girki a tsugune, da manomin da ya yi rayuwarsa a duƙe da fartanya, gwiwoyinsu sun yi aikin da ya isa a gode musu.

Alamarsa ba ta da wuyar ganewa. Ciwon yakan ƙaru in an yi tafiya ko an hau tudu, ya lafa in an huta. Da safe gaɓar takan sage, amma kafin rabin awa ta saki. In an daɗe a zaune, takun farko da na biyu su ne masu zafi. Gwiwar takan yi ƙara in an lanƙwasa ta, a kwana a tashi kuma ƙafar ta soma lanƙwashewa kamar baka. Game da sanyi kuwa, gaskiya ne mutane da yawa sukan fi jin jiki da hunturu ko in hadari ya haɗu. Amma sanyin ba shi ne ya kawo cutar ba, ya dai tarar da ita ne a wurin. Wankan ruwan sanyi da kwanciya a daɓen siminti ba su cinye guringuntsin kowa ba.

Dole mu faɗa muku gaskiya, ko da ba ta da daɗin ji: har yau babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo da yake mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Mai tallan magani da lasifika a tasha, wanda ya ce kwalba ɗaya tana raba mutum da sanyin ƙashi har abada, kuɗinku yake nema. Amma rashin warkewa ɗungum ba ya nufin babu abin yi. Akwai abin yi da yawa, mafi yawansa kuma ba na kuɗi ba ne.

Kuskuren da muke yi saboda ƙauna shi ne mu ce wa tsohuwa, "Mama, zauna, kada ki taɓa kome." Sai ta zauna wuni guda a tabarma. Ku tuna abin da muka ce game da soso. Gaɓar da ba ta motsi takan ƙara sagewa, naman cinya wanda yake riƙe gwiwa ya shanye, ciwon ya ƙaru, sai ta ƙara jin tsoron tashi. A ɗauke mata tulu da dakan turmi, i, amma kada a ɗauke mata tafiya. Ta riƙa takawa kowace rana gwargwadon ƙarfinta, a wuri mai shimfiɗa. Ga kuma wani ɗan motsi mai amfani ƙwarai: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya sosai, ta riƙe ta a sama har ta ƙirga goma, ta sauke a hankali, ta yi haka sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Ba a ganin amfaninsa a kwana uku. Sai an yi makonni ana yi kafin a ji gwiwar ta soma ɗaukar mutum.

Nauyin jiki kuma, wannan magana ce da ba mu so, domin a wurinmu ƙiba alamar hutu ce. Amma bincike ya nuna duk kilo 1 da mai ciwon gwiwa ya rage, ya sauke wa gwiwar nauyin wajen kilo 4 a kowane taku. Ku lissafa taku nawa ne daga gida zuwa kasuwa. Sanda ma ba abin kunya ba ce, sai dai da yawa ba su san riƙonta ba: a hannun da yake ɗaya gefen ake riƙe ta, wato in gwiwar dama ce take ciwo, sandar tana hannun hagu. A daina ba tsofaffi kujera 'yar tsugunno, a ba su mai tsayi wadda za su iya tashi daga kanta. Akwai kuma wahalar da tsofaffi ba za su taɓa faɗa wa 'ya'yansu ba, wato tsuguno a bayan gida. Kafinta zai iya yin kujerar katako mai rami a tsakiya a ɗora bisa masai, a kafa ƙarfe ko itace a bango domin dafawa. Wanda ya yi wa uwarsa wannan ya fi wanda ya kawo mata buhun ƙwayoyi daga birni.

Yanzu mun zo kan ƙwayoyin, a nan kuwa za mu ɗan daɗe, gama a nan ne ake yin asarar rai. Mai ciwo yakan je kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Sai a zuba masa ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda, fara da ja da ruwan ɗorawa, babu suna babu takarda. Sau da yawa a cikin haɗin akwai masu kashe zafi iri biyu ko uku 'yan gida ɗaya, irin su ibufurofen da dikulofenak da firoksikam. Kowannensu magani ne na gaske in likita ya ba da shi na ɗan lokaci. Amma in aka haɗa su, ana sha kullum wata da watanni, sukan ƙwaƙule bangon ciki su kawo gyambon ciki, su raunana ƙoda, su ta da hawan jini, tsofaffi kuma su ne suka fi shiga hatsarin. Wanda yake shan irin waɗannan, in ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, to, cikinsa ne yake zubar da jini, a kai shi asibiti a ranar. Farasitamol, da man dikulofenak na shafawa a kan gwiwa, da gashi da tsumma mai ɗumi, sun fi sauƙin hatsari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar ƙwaya da akan jefa a cikin haɗin, wadda ta fi sauran yaudara, firedinisolon ko dekzametason. Dangin wani magani ne da ake kira kotizon, kuma yana da labari. A shekarar 1948 wani likita a Amurka mai suna Philip Hench ya yi wa wata mace allurar kotizon, mace wadda amosanin gaɓɓai ya kwantar. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana yawo. Duniya ta ɗauka an gama da cutar, har a 1950 aka ba shi da wasu masana biyu kyautar Nobel. Ba a daɗe ba likitoci suka ga ɗaya fuskar maganin. Wanda ya daɗe yana sha, fuskarsa takan kumbura ta yi zagaye, cikinsa ya yi tulu, hannu da ƙafa su sirance. Ciwon sukari da hawan jini sukan biyo baya, ƙashi ya yi rauni har ƙaramar faɗuwa ta karya shi, wani lokaci ma kan ƙashin cinya ya mutu. Abin tausayi shi ne, in mama ta soma shan ƙwayar nan ciwo ya lafa, kumatu suka ciko, sai maƙwabta su ce, "Kai, maganin nan ya karɓe ki, har kin yi ƙiba." Ba ƙiba ba ce. Amma ku ji wannan da kyau: wanda ya yi makonni yana shan ta kada ya yanke ta rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa, yankewa farat ɗaya tana iya sa jini ya faɗi mutum ya suma, har ya rasa ransa. Likita ne zai riƙa rage masa ita kaɗan kaɗan.

Cutar da matar nan ta Amurka take da ita wata ce dabam, likitoci suna kiranta rumatoyid. A nan garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa jakar gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 ne suke da ita a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata. Ba ta jiran tsufa, takan kama mace mai goyo. Yawanci takan soma da ƙananan gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu tare. Da safe hannun yakan sage awa guda ko fiye, mace ta kasa ɗaura zane ko murɗa murfin kwalba, ga gajiya, ga rama. Ba kamar ta zaizayewa ba, wannan in an motsa ne take ɗan saki. Tana da maganin da yake tsayar da ɓarnarta, kamar metotarekset, amma sai an soma da wuri, cikin watannin farko, gama yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Sau ɗaya a mako ake shan metotarekset, a rana ɗaya tsayayya. Mutane sun mutu saboda sun sha shi kullum bisa kuskure. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan shi.

Akwai kuma gawut, wadda ta fi kama maza. Mutum ya kwanta lafiya, tsakar dare babban yatsan ƙafa ya tashe shi, ya kumbura ya yi zafi har mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Tun 1848 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya nuna cewa wani sinadari mai suna yurik ne yake yin yawa a jininsu. Shi ne yake daskarewa a gaɓa kamar ƙananan allurai. Giya da burukutu, kayan ciki kamar hanta da ƙoda, yawan jan nama, da lemon kwalba mai zaƙi duk sukan ta da shi, haka ma ciwon ƙoda da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Wannan kam tana jin magani sosai. Alofurinol, in ana sha kullum yadda aka ce, yakan sauke sinadarin har ciwon ya daina dawowa.

Iyaye, sashen nan naku ne. Yaro ba ya yin "sanyin ƙashi kawai". In gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, ga zazzaɓi, yaron kuma ya ƙi taka ƙafar ko ya yi ihu in an motsa ta, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar ta tara mugunya. Mugunya takan narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Wannan ba aikin maɗori ba ne, ba kuwa na jira a ga gobe ba. A asibiti za a zuƙe ruwan ko a wanke gaɓar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Guragu da yawa da muke gani sun rasa ƙafarsu ne a kwana huɗu ko biyar da aka yi ana shafe-shafe a gida. Babban mutum ma in ya ga haka, hukuncin ɗaya ne.

Wani kuma shi ne ciwon da yake yawo. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro ya warke. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, jibi ta saɓe ciwon ya koma idon sawu, daga nan ya koma gwiwar hannu. Da yake abin yana tashi daga nan ya faɗa can, sai a ce jifa ne, a soma kallon wata maƙwabciya ko wata tsohuwa a dangi da mugun ido. An raba zumunci da yawa a kan wannan, alhali kuwa ƙwayar cutar maƙogwaro ce ta ruɗa garkuwar jikin yaron. Gaɓoɓin za su warke sarai, shi ya sa ake sakankancewa. Ɓarnar tana can a ƙofofin zuciya, ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, sa'ad da saurayi ya soma haki in ya hau tudu, ko yarinya ta yi aure ta ɗauki cikin fari zuciya ta kasa. Penisilin, magani mai araha, shi ne yake tare wannan: a ba yaro shi tun yana ciwon maƙogwaron, in kuwa cutar ta riga ta kama shi, a riƙa yi masa allurarsa kowane mako 3 ko 4 har shekaru da dama, kada a tsallake.

Yaron da yake yawan kukan ƙashi da hannu da ƙafa tun yana ƙarami, idonsa yana yin ruwan ɗorawa, a gwada jininsa domin sikila, wadda muke kira amosanin jini. Ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a Nijeriya, kuma in sun girma takan kashe musu kan ƙashin cinya. Tarin fuka ma yakan sauka a ƙashin baya ko ƙugu, ya zo da rama da gumin dare, har ya fitar da doro. Makiyaya da masu shan madarar da ba a tafasa ba kuma sukan ɗauki wata cuta daga dabbobi mai kawo zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, da ciwon baya da na gaɓoɓi. Duk waɗannan ana ce musu sanyin ƙashi a gida, kowannensu kuwa da nasa magani.

Tsaga da ƙaho da sakiya a kan gaɓar da ta kumbura, muna roƙonku ku bari. Fatar gwiwa ba ta da nisa da jakar gaɓa, aska ɗaya marar tsabta ta isa ta mai da ciwon tsufa ya zama mugunya.

In gaɓa ta lalace ƙwarai har barci ya gagara, akwai aikin sauya ta da ta ƙarfe da roba. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ne ya daidaita aikin sauya ƙugu a 1962, yau kuma ana yin na ƙugu da na gwiwa a Nijeriya, har da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Gaɓar da aka sa takan yi shekara 15 ko fiye. Aikin yana da tsada, ba ma ɓoye muku, kuma mafi yawan masu ciwon gwiwa ba za su taɓa bukatarsa ba.

Ran da za ku kai mama asibiti, ku tattara duk abin da take sha a leda ɗaya, ƙwayoyin kemis da kwalaben jiƙo da garin da aka aiko mata daga ƙauye, ku ajiye a gaban likita, kada a ɓoye ko ɗaya don kunya. Tun a gida ku zauna da ita ku tambaye ta: wace gaɓa ce ta fara, tun yaushe, gefe ɗaya ne ko duka biyu, minti nawa take yi da safe kafin ta saki, tana kumbura, akwai zazzaɓi ko rama. Tsofaffi in sun ga likita sukan ce "da sauƙi" saboda ladabi, saboda haka wanda ya raka ta ya shiga ɗakin tare da ita, ya taya ta ba da amsa.